Shuɗi a Kumatun Inna

A tasha, wani tsoho mai fenti yana zana fuskar mace a bayan babbar mota. Rigarsa duk dabbare-dabbaren fenti, buroshi saƙale a kunne. Da gani ya sha musu da direbobi, kuma bai saba sassautawa ba.

Yana shafa shuɗi ƙarƙashin kumatunta, sai direban motar ya zabura.

"Haba Baba! Marigayiya mahaifiyata ba shuɗiya ba ce. Sa baƙi!"

"Baƙi kashe fuska yake yi," in ji tsohon, ko waiwayowa bai yi ba. "Shuɗin nan ne zai fito da hasken goshinta. Ba zan goge ba. Ja da baya ka duba."

Direban ya ja da baya yana gunaguni. Can sai ya ƙura wa zanen ido, ya rusuna.

"Inna," ya ce a hankali.

Tsohon ya ƙara shuɗi.