Hayaƙin Gonar Malam

Sunayen jikokina ma sun fara rikice min yanzu, amma ranar da na fara hawa jirgin sama ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina. Ni ban yi boko ba, jikata ce take rubutawa ina faɗa. Na gaya mata in ta ga ina share hawaye kada ta ajiye biro, haka nake duk sanda zancen Malam ya taso.

Malam shi ne maigidana, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne a Nariya ta wajen Rano, gonar gado yake nomawa tun yana saurayi. Jirage kan bi ta saman gonar nan, kuma duk sanda ya ji rugugi sai ya dogara da fartanya ya ɗaga kai har jirgin ya ɓace. Wata rana na kai masa fura na tarar da shi haka, ya ce, "Anya mutanen nan suna ganin gonata kuwa?" Na ce, "Malam, sha furarka, wa ya damu da dawarka a can sama?" Ya yi dariya ya ce shi dai yana so ya ga yadda gonar take a idon shirwa, kuma wata rana zai hau ya leƙo. Bai hau ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tafi ya bar ni da maganar a kunne.

Bayan na fita takaba da 'yan shekaru, 'yata ta haihu a Maleshiya, inda mijinta yake karatu. Haihuwar fari ce, ba mai yi mata wankan jego, sai suka ce a kawo ni. Autana, wanda yake koyarwa a Rano, shi zai raka ni. Na tambaye shi ta ina jirgin zai bi. Ya ce, "Legas za mu fara zuwa, Inna, kudu zai yi, ta wajenmu dai." Murna ta kama ni. Na ce a raina, abin da Malam bai samu ba ni zan gano masa.

To amma yaya zan gane gonar daga sama? Na aika aka kira min ƙanin Malam, wanda tun ina amarya muke wasa da shi, har muka tsufa ba mu daina ba. Na ce masa ranar tafiyar ya tara kara a tsakiyar gonar, ya ɗora ɗanyen ganye a kai, da an buga masa waya ya cinna wuta. Kaka ce ta shigo, ba mai ƙona kara a lokacin, abincin dabbobi ne da dangar gida. Ke nan hayaƙi ɗaya tak zai tashi, in na gan shi na ga gonar.

Ya dube ni ya ce, "Tsohuwa, ke da ba kya ganin kafar allura, ke ce za ki hango hayaƙi daga sama?"

Na ce, "Kai dai kunna, ragon banza. In ka yi barci ka manta, ko ƙyallen tsaraba ba za ka gani ba."

Ranar tafiya na ga abin mamaki tun a filin jirgi. Aka sa na cire takalmi kamar zan shiga masallaci, aka ɗora shi a faranti ya shige cikin wani akwati ya fito ta ɗaya gefen. Aka buɗe ƙullin kanwar da na ɗauko don kunun mai jego, ma'aikaciyar ta shinshina, ta ce, "Iya, jego za a je ke nan?" Na ce Allah Ya yi miki albarka, ke kin san gida. Da muka shiga jirgin ina ta yi wa mutane sallama layi-layi, Auta yana jan mayafina, wai ba a yin haka. Gari guda a ɗaki ɗaya, a ce kowa ya wuce kowa ba gaisuwa!

Sai ga matsala. Ashe Auta kujerar bakin hanya ya zaɓar min, wai saboda gwiwata. A jikin tagar wani Alhaji ne mai ƙiba, ɗan kasuwa, ya riga ya ja murfin tagar ya rufe, ya ɗaura wani baƙin ƙyalle a idonsa. Na lura duk waɗanda suka saba hawa haka suke yi. Allah Ya ɗaga mutum sama da gajimare, shi kuma ya rufe ido.

Na ce, "Auta, tashe shi." Ya ce, "Haba Inna, kunya." Na miƙa hannu ta gabansa na taɓa kafaɗar mutumin.

"Alhaji, barci za ka yi?"

Ya ɗage ƙyallen. "Eh, Iya. Lafiya?"

"Barci ai ko'ina ana yinsa. Ni gona zan duba."

Ya zaci ruɗewar tsufa ce. Sai na ba shi labarin Malam da fartanyarsa. Ban kai ƙarshe ba Alhajin nan ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, muka yi ta gogayya a wannan matsatsin har na samu shiga. Ya ce, "Wannan gefen ne ma daidai. In kin ga ruwan Tiga yana ƙyalli, ki duba can gaba da shi, za ki ga duwatsun Rano." Auta ya buga wa baffansa waya ya ce mun shiga, a kunna.

Jirgin ya yi ta tafiya a ƙasa kamar motar kasuwa, har na ce ko ya fasa. Can ya yi wata ƙara, ya zabura, bayana ya manne da kujera. Ina salati ina dariya, wallahi duka biyun a tare. Kano ta koma kamar an baza wake a tabarma. Motoci suka zama tururuwa. Kunnena ya toshe, ban damu ba, na manna goshi a gilashin.

Ba a jima ba na ga ruwa yana walƙiya kamar sabon faranti. Alhaji ya leƙo ta kan Auta yana nuni, "Ga duwatsun can, Iya, ga su can!" Shi da ya ce barci zai yi. Duwatsun da muke gani ƙatta sun zama kamar curin daddawa. Na bi gabas da ido ina neman zaren hayaƙi guda ɗaya.

Na ga hayaƙi. Amma ba ɗaya ba. Nan ya tashi, can ya tashi, gaba ma ya tashi, farare sirara, sun taru a wuri guda kamar ana girkin biki. Na rasa wanne zan kalla. Ga shi daga sama ba a ganin iyakar gona, duk ƙasar shimfiɗa ɗaya ce. Ina cewa wanne ne, wanne ne, sai gajimare ya shiga tsakani. Na fashe da kuka. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara, ko buɗewa ban yi ba.

Da muka isa Maleshiya na sa aka kira min ƙanin Malam a waya. Na ce, "Wace irin shegantaka ce wannan? Hayaƙi ɗaya na ce." Ya ce, "Au, ashe idon yana gani. Sai kin dawo da tsarabata ki ji."

Na yi jegona a ƙasar mutane. Ruwan zafi daga bango yake fitowa, ba itace ba tukunya, har na ji kamar ban yi aikin komai ba. Ruwan sama kullum, shinkafa safe da rana. Surukina ya ce sai ya kai ni yawon buɗe ido. Ya kai ni wani dogon bene da sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensa, na tarar da mutane daga ƙasashe sun yi dandazo, amma kowa ya juya wa benen baya yana yi wa wayarsa murmushi. Ya kai ni wani tudu inda ake layi a ba birai ayaba. Birai! Waɗanda Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana jifa a gonar masara. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma ko'ina aka kai ni, hayaƙin nan yana raina.

Bayan an yi arba'in muka dawo. Washegari na ce a kai ni gona. Ƙanin Malam ya nuna min baƙin tabon toka a tsakiyarta, sannan ya ba ni labari. Ashe ya yi maganar a ƙofar masallaci yana neman mai taya shi saro ganye. Sai wani dattijo ya ce hayaƙi ɗaya ba zai kai sama ba, tsohuwa za ta wuce ba ta gani ba. Shi ke nan magana ta bazu har Unguwar Gai. Wanda Malam ya taɓa ba iri da shuka ta ƙone masa, ya kunna a gonarsa. Waɗanda ya je wa gayya suka kunna. Bafulatanin da yake bari ya shigo da shanu bayan girbi ya kunna a bakin rugarsu. Kowa da karan da ya tanadar wa dabbobinsa.

Ya nuna min wani tabon a maƙwabciyar gona ya ce, "Kin san na wane ne?" Na sani. Mutumin da suka yi shekara da shekaru ba sa ga-maciji da Malam a kan kunyar noma biyu ta iyakar gona. Ƙanin Malam ya ce, "Nasa ya fi na kowa tashi. Da na ce masa ya isa, cewa ya yi in rabu da shi."

Na durƙusa a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar rasuwar. Ƙanin Malam ya ce, "To, kin ga gonar ko ba ki gani ba?" Na ce na gani, tana tsakiyarsu.

Na tsallaka teku, na ga bene, na ga birai masu gata, amma abin da ya fi komai girma a tafiyar nan a saman garinmu na gan shi. Na koyi cewa iyakar da muke faɗa a kanta ko daga jirgi ba a ganinta, abin da mutum ya yi wa mutane shi ne yake tashi sama. Yanzu in na ji rugugi nakan fito tsakar gida in ɗaga kai, in ce, Malam, suna gani.