Apa Anorgul, Wadda Ta Hana Majinyata Cewa "Da Sauƙi"

Ƙarfe bakwai na safe, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka ga Apa Anorgul ta ratso kasuwa da jakar fata a hammata, tana gaida masu gurasa ba tare da ta tsaya ba. Bayan shagon magani akwai wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye tuffa a ciki. Nan ne ofishinta. Tebur ɗaya, benci biyu, butar shayi, da tsohuwar tafiretar da ta taho da ita daga kotun gunduma, inda ta yi shekara ashirin da biyu tana buga hukuncin alƙalai. Kafin ta buɗe kwaɗon an riga ta zuwa: mai dogara sanda, mai ƙafa ɗaya, uwa goye da yaron da ya daɗe da wuce goyo. Duk abu ɗaya suke nema, takardar da za ta sa gwamnati ta yarda cewa naƙasassu ne, ta riƙa ba su ɗan tallafi a wata.

Ba lauya ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Lauyoyi mu ne, mu da muka yi shekara biyar muna karatu a Dushanbe, babban birnin ƙasa, muka dawo da takardun shaida masu zanen zinariya, muka rataye su a bango, muna jiran rigimar fili ko ta kamfani. Ita kuwa shekara goma sha bakwai ke nan tana rubuta koken mutanen da ba za su iya biyan ko kuɗin motarmu ba. Kowa Apa yake ce mata, yayar kowa, har dattawan da suka girme ta. Ƙarshen watan nan za ta rufe ɗakin. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, ɗanta zai tafi da ita birni. Ba wanda ya shirya mata walima, shi ya sa na ɗauki biro.

Tana da wata ƙa'ida da ma'aikatan ofishin jin daɗin jama'a ke yi wa dariya. Ba ta rubuta wa mutum koke sai ta je gidansa ta wuni, daga safe har la'asar. Tana zaune a lungu da littafinta, tana kallon wa ke sa masa safa, wa ke zuba masa ruwan alwala, taku nawa yake yi kafin ya nemi bango. Dalilinta ɗaya ne: ba ta yarda da bakin majinyacin ƙasar nan ba.

Duk ma'aikacin da ka tambaya zai ce maka masu neman tallafi maƙaryata ne. Gaskiya ya faɗa, amma bai san irin ƙaryar ba. Mutumin kwarinmu idan zai je gaban hukuma, rigar da ya sa ranar auren ɗansa yake sawa. Ya gyara gemu, ya ɗora hannu a ƙirji, in an ce yaya jiki ya ce godiya ta tabbata ga Allah, da sauƙi. Haka aka rene mu. Ko kana mutuwa, ba ka tarbar baƙo da kukan ciwo. Kwamitin likitocin da ke tantance naƙasa ya san wannan sarai, don su ma a gidajen nan aka haife su. Sun sani, kuma suna rubuta "da sauƙi" ɗin a takarda, su buga hatimi.

Abin da ya faru da Usto Shodmon ke nan. Magini ne, rabin gidajen dutsen da ke ƙauyensu hannunsa ne. Shekara shida da suka wuce ya faɗo daga hawa na uku a wani gini a Rasha, ƙashin bayansa ya karye, aka dawo da shi a kwance. Yana karɓar tallafi, da shi ake sayen magani da gawayin hunturu. Amma duk shekara sai ya koma gaban kwamiti an sake duba shi, ko ƙashin ya canza shawara.

Bara, da ranar ta zo, sai ya ji cewa sabon likitan da aka kawo ɗan wani mutum ne da ya taɓa gina wa gida. Ya sa maƙwabciyarsu mai aikin jinya ta yi masa allurar kashe zafi har biyu. Ya sa babbar rigar audugarsa ta zuwa biki. Nazarali, direban motar hayar da ya kai shi, ya ce mini a bakin ƙofa Usto ya miƙa masa sandunan da yake dogarawa ya ce, "Riƙe mini, ba zan daɗe ba." Ya taka da ƙafarsa har gaban tebur. Likita ya ce yaya jiki, ya ce da sauƙi ƙwarai. Har ya nuna musu tsagewar da ke bangon ɗakin, ya gaya musu yadda ake ɗinke ta. Minti huɗu aka yi. Aka rubuta cewa ya samu sauƙi, zai iya aiki, aka cire sunansa. Nazarali ya ce da ƙyar suka kai mota, a kujerar baya ya zube, ya yi kwana tara bai iya juyi ba.

Kwana talatin ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara. Sai da goma sha tara suka wuce matarsa Zulhija ta saci jiki ta zo ɗakin Apa da ƙullin zabibi a gefen gyale. Apa ta mayar mata da zabibin, ta ce ta sa ran ganinta jibi.

Zulhija ce ta ba ni labarin wunin. Ta ce Apa na shiga ta tsaya a kansa.

"Usto, barka! An ce ka warke. Tashi ka ɗora mini shayi."

"Apa, ba'a kika zo yi mini har gida?"

"Wace ba'a? Gwamnati ce ta rubuta, da hatimi. Ni ma katangata ta zube, na ce bari in zo da wuri kafin masu kuɗi su riga ni."

"Wa ya kira ki?" Ya juya ya harari matarsa. "Ke ce kika kai ni kasuwa?"

"Baban yara, gawayin da ya rage ba zai kai mu sabuwar shekara ba."

"Ni da na ɗaga duwatsun kwarin nan, in shiga gaban yaron da na gina ɗakin da aka haife shi ina jan jiki? Ya je ya gaya wa ubansa me?"

Apa ta zauna, ta buɗe littafinta. Ta ce, "Ka shiga da ƙafarka, an gani, an yaba. Da ka dawo wa ya ɗauke ka daga mota zuwa shimfiɗar nan?"

Ta nuna masa Zulhija da biro.

"Dubi ƙanwata. Ka ninka ta nauyi. Mutuncin nan da kake tattali, a bayanta kake ɗora shi kullum, ita ce ke kai shi makewayi ta dawo da shi."

Zulhija ta ce ta so ƙasa ta tsage ta shige. Usto ya juya fuskarsa bango. Apa ta wuni tana rubutu. Ta ga yadda ake jingina shi da matashi uku kafin ya sha shayi. Ta ga yadda yake salla a kwance. Ta ga Zulhija ta durƙusa ya rataya a wuyanta ta ja shi zuwa bayan gida, ta dawo tana dafa ƙugu. Da la'asar ta karanta masa duka, don doka ta ce sai da sa hannunsa. Da ta zo layin makewayi ya ɗaga hannu.

"Wannan ki soke shi."

"In na soke shi, takardar ta mutu."

"To ta mutu."

Ba ta roƙe shi ba. Ta ninke takardar, ta danne ta da butar shayi, ta ce, "Saura kwana tara. Ni dai ina ɗakina."

Kwana bakwai ba labari. A na takwas Nazarali ya shigo da takardar, an sa mata hannu. Amma an yi gyara. Inda Apa ta rubuta cewa matarsa tana ɗaukarsa sau biyu a rana, Usto ya ja layi da fensirin magina, ya rubuta huɗu. Ya kuma ba direban saƙo: "Ka ce mata ni ba na sa hannu a kan awon da bai cika ba."

Ke ce, Apa, kika zauna ranar kika sake buga koken da ido ɗaya, hancinki kusan yana taɓa takarda. Ke ce kika kai shi ofishin hukuma da kanki, kika ƙi barin bakin taga sai da aka buga miki hatimin karɓa, don kin san takardar talaka ba ta da wuyar ɓata. Magatakardan ya ce, "Apa, ba ki gajiya?" Kika ce, "Ina gajiya, ɗana. Buga."

Aka sa ranar sake dubawa a babban birnin lardi, tafiyar awa huɗu ta kan duwatsu, a tsakiyar sanyi. Apa ta kafa sharaɗi: ba allura, ba rigar biki, kuma yadda yake tafiya a gida haka zai shiga. Haka aka yi. Usto Shodmon ya shiga gaban likitoci biyar da tsohuwar rigarsa ta zaman gida, yana rataye a wuyan matarsa, ƙafafunsa suna sharar ƙasa. Babban likitan bai ɗago daga takarda ba ya ce, "Yaya jiki, Usto?"

Zulhija ta ce ta ji hannunsa ya sake ta yana neman ƙirji. Bakinsa ya buɗe. Apa tana tsaye a bayansu. Sai ya ce, "Ba lafiya, likita. Ba na iya komai. Ita ce ke yi mini."

Ya yi kuka a mota, Nazarali ya ƙara sautin rediyo.

An mayar masa da tallafinsa. Kada kowa ya yi tafi. Na shekara ɗaya aka mayar. Mutumin da hoton ƙashinsa ke cikin fayil tun shekara shida, sai an sa shi ya tuɓe mutuncinsa a gaban baƙi kafin a ba shi abin da doka ta ce haƙƙinsa ne, kuma bayan shekara ya dawo ya sake tuɓewa. Wace irin hukuma ce ke cin riba da kunyar mutanenta? Likita ɗaya da zai ce, "Usto, bar gaisuwa, gaya mini wa ke sa maka takalmi," da an huta. Ba tsada, ba ya bukatar kuɗi daga Dushanbe. Amma ba wanda ya tambaya, don kowane "da sauƙi" suna ɗaya ne da ya ragu a jerin.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Da aka cire sunan Usto, dattawan unguwa sun je duba shi, sun sha shayinsa, sun ce ya yi haƙuri, haka Allah ya so. Ba wanda ya tambaya ko akwai hanyar ƙara. Muna son naƙasasshe mai haƙuri, mai murmushi, don ba ya tada mana hankali. Wanda ya buɗe baki ya ce yana shan wuya, sai mu ce ya zubar da girma. Matar da ke ɗauke da shi kuwa, sai ranar jana'izarta za mu ce ta yi ƙoƙari.

Na tambayi Usto ko ya yarda in rubuta wannan da sunansa. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce, "Rubuta, ɗan boko. Me ya rage ban nuna ba? Amma ka rubuta cewa matar nan ta fi allura zafi."

Na rubuta, Apa. Kin fi allura zafi. Ba ki taɓa lallashin kowa ba, ba ki karɓi ko somoni ɗaya ba, ba a taɓa kiran sunanki a taron ba da lambar yabo ba. Kin shiga gidajen da mu masu karatu muke jin ƙyamar warinsu, kin zauna a ƙasa, kin rubuta abin da mutane ke ɓoye wa 'ya'yan cikinsu, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa a kasuwa daga bakinki ba. Mun gode. Allah Ya buɗe miki idon nan, Ya ba ki hutun da kika hana kanki.

Ku kuma abokan karatuna, da ni kaina, kada mu ce ba mu san inda za a fara ba. Mai shagon magani ya ba da hayar ɗakin, mai sayar da wayoyi zai shiga ranar ɗaya ga wata. Amma makonni uku ke nan Apa tana zaune tana buga koken zagaye mai zuwa na mutanenta, su arba'in da ɗaya, kowa da nasa, ta bar gurbin kwanan wata da gurbin abin da za a gani a wunin gida. Wannan gurbin ba ya cikuwa daga ofis. Sai mutum ya hau motar Nazarali, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna har la'asar, ya jure harara.

Takardun suna cikin kwali biyu a ƙarƙashin kantar mai magani, an jera su bisa ranar da za a kira kowa. Ta Usto Shodmon ce a sama. Ranar tara ga Disamba zai koma gaban kwamiti, kuma har yau ba wanda ya je ya tambayi kwalin.