Ranar da Malam Ya Cire Takalmi

Malamin aji bakwai a firamaren unguwarmu ta Soron Ɗinki ba ya tafiya irin ta sauran mutane. Ƙirji a gaba, hula a karkace, alli a bayan kunne. In ya shigo aji ya ce "lissafi", ko wanda ya zo bai karya ba sai ya ware ido. Yakan ce mana babu likita ko alƙalin da bai bi ta hannun irinsa ba. Mukan yi dariya a ɓoye mu ce Malam akwai cika baki, amma fa duk abin da ya koya maka ya zauna ke nan.

Ni da yayana ajinmu ɗaya, don an makara wajen sa shi boko. Ya girme ni sosai, har gashin baki ya fara fito masa. Taurin kai kuwa ba a magana. Baba ya yi faɗa ya gaji, Inna ta yi lallashi ta gaji. Mutum ɗaya ne a duniya in ya ce masa zauna zai zauna, shi ne Malam.

Ana nan sai yaƙin basasa ya ɓarke, aka shiga ɗibar samari aikin soja. Wani tsohon ɗalibin Malam, wanda ya bar makaranta ko raba goma gida biyu bai iya ba, ya tafi ya dawo hutu da igiya uku a hannu. Wai saje! Unguwa ta ɗauka. Mahauta na ba shi tsoka kyauta, dattawa na matsa masa wuri a tabarma. A lokacin nan malamin makaranta sai ya wuce ba a ko ɗaga kai ba.

Wata rana an tashe mu, muna bin hanyar Jakara, Malam na gabanmu yana tura kekensa, sai ga sajen nan da ayarin 'yan kallo. A garinmu ɗalibi ne ke cire takalmi ya durƙusa wa malaminsa, ko da ya yi furfura. Muka tsaya mu ga soja a tsugune. Sai Malam ya jingine keke a bango. Ya zare takalminsa. Ya durƙusa a gaban yaron da ya koya wa riƙe fensir, ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa."

 Ba wanda ya sa shi! Shi kansa sajen ja da baya ya yi yana cewa, "Haba Malam, haba Malam, tashi don Allah." Na juya na dubi yayana. Bakinsa a buɗe yake, kuma ba Malam yake kallo ba, igiyoyin nan yake kallo.

Daga ranar aji ya mutu. Malam ya shigo ya rubuta aiki a allo ya zauna, ya zuba wa taga ido. In ka yi tambaya ya ce, "Kwafa kawai." Hular ma ta miƙe. Mutumin da ke zagaya aji kamar mai tallan magani a kasuwa, yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarsa. Ilminsa na nan bai je ko'ina ba, shi ne ya yanke wa kansa cewa shi ba kowa ba ne, mu kuma muka kwashi kashinmu a hannu.

Ba a daɗe ba yayana ya ce shi soja zai shiga. Baba bai tsaya ɓata yawu ba, ya tasa mu gaba har zauren Malam. Bayan an gaisa ya ce, "Malam, ga ɗanka nan. Ka ce masa ya zauna ya gama karatunsa. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Malam ya sunkuyar da kai, yana murza gefen tabarma. Can ya ce, "Alhaji, ni wane ne? Mai alli ne fa kawai. Me na zama da karatun? In yana so, a bar shi ya tafi ya zama mutum."

Baba ya yi salati. Ni kam haushi ne ya kama ni, har yau in na tuna sai na ji shi. Yayana ya miƙe, ya durƙusa ya yi wa Malam godiya.

Kafin damina ta fita aka aiko cewa ya rasu a bakin daga. Ko gawarsa ba mu gani ba.

Malam ya zo ta'aziyya. Aka matsa masa wuri kusa da liman ya ƙi, ya raɓe can wajen takalma. Da mutane suka ragu ya matso gaban Baba, hawaye na zuba har gemu, ya ce, "Alhaji, wallahi ban ɗauka maganata tana da wani nauyi a wurinsa ba. Na zaci ko na hana shi ba zai ji ba."

Baba ya dube shi ya ce, "Ai kuwa ya ji, Malam. Abin da ka ce shi ya yi."