Ƙarar Ruwa a Kan Kwano

A Jidda ba a san damina ba. Watannin da ake shuka a garinmu, nan zafi ne da gumi, riga ta manne maka a baya tun kafin ka kai bakin titi. Amma ni shekara tara ina yin damina a unguwar Khumra, cikin siton da muke lodin kwalaye, waya a hannu, ina leƙen hadarin da ke haɗuwa a kan garin da ba na ciki.

Abin da ya hana ni sakat soron Inna ne, mahaifiyata. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, tun na aurenta. Sanda nake gida ni ke hawansa kafin ruwan fari, in cire ciyawa, in yaɓe tsaga, in zura sanda in buɗe indararo. Da na zo umara na maƙale ba iƙama, wato takardar izinin zama, na san in na fita ba dawowa, sai na sa aka gina mata ɗakin siminti mai rufin kwano a tsakar gida. Ta shiga, ta duba, ta sa mini albarka, ta jibge buhunan gero a ciki, ta koma soronta. Wai kwano surutu gare shi, in ana ruwa mutum ba ya jin ko addu'ar bakinsa.

Na yi lallashi, na yi faɗa, har fushi na yi na mako guda, ita ko a jikinta.

Ga shi a gidanmu ba a gaya wa matafiyi mugun labari. Ko katanga ce ta faɗi, amsar ɗaya ce: lafiya lau. Ƙanwata da ke zaune tare da ita ma bakinsu ɗaya. Sai na daina sauraron maganarsu, na koma sauraron abin da ke bayan maganar. Da gangan nake kira in na ga ana ruwa a can. Soro ba ya ƙara, sai dai ka ji indararo na zuba, da ɗigon yoyo a cikin tasa. In tasa ɗaya ce, na san tsohon yoyon bakin ƙofa ne. In na ji biyu, ranar abinci ba ya shiga.

Wani abokin aikina, Bahaushen Sudan, yakan tsokane ni: "Yalla, halas, ya isa haka! Da waya za ka tare hadarin? Zo ka kama kwali."

Bara, cikin Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa da iska. 'Yan garinmu suka dinga turo hotunan gidajen da suka zube, ina buɗe kowanne gabana na faɗuwa. Wayar Inna kuwa ta ƙi shiga. Sai rana ta uku bayan la'asar, ina tsaye a bayan sito, na ji ta ɗauka.

"Inna, ina wuni? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Alhaji. Lafiya lau muke."

Da ƙarfi take magana, abin da ba halinta ba. Na toshe ɗaya kunnen na kasa kunne. Babu indararo, babu tasa. Ruwa ne ke dukan kwano a kanta kamar ana zuba tsakuwa.

"Inna, kowa ya fito?"

Ta gane na gane.

"Kowa ya fito. Tasoshin ne kawai aka bari a ciki."

Shekara da shekaru ina roƙon ta shiga ɗakin kwanon nan. Ga shi ta shiga, ni kuwa na zauna a kan kwali ina hawaye, don na san tsagar da ta kayar da soron, na san da ina gida da hannuna zan toshe ta. Na ce mata ta yafe mini.

"Ɗaga murya, Alhaji," in ji ta. "Kwanon nan naka ba ya bari in ji ka."