Libarbar da Na Goge da Lemon Tsami

Har gobe ba zan manta da ranar da na yi wa wata tsohuwa ɓarna da rabin lemon tsami ba. Ranar Talata ce, ina cikin wata na biyu da fara aiki a gidan gwanjon nan namu na Greensboro. Ku da kuka zo bayana kuna ganina da furfura kuna zaton da sanin kaya aka haife ni. Ba haka ba ne.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan mutum ya rasu, ko ya tsufa zai koma ƙaramin gida, iyalinsa sukan kawo mana kayansa mu sayar. Ni a lokacin mai rajista ne, matakin ƙasa ke nan: in karɓi kaya, in ɗaura masa lamba, in ɗauki hoto, in rubuta kamanninsa. Sama da ni akwai mai ƙima, wanda yake faɗin abin da kaya zai iya kaiwa. Namu wani dattijon Bature ne, Mista Pruitt, mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma idan ya cire tabarau ya dube ka sai ka gwammace zagi.

Da safiyar ranar wata tsohuwa mai suna Madam Odell ta zo daga McLeansville da akwatin takalmi a hannu. A ciki akwai libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai cin harsashi shida, naɗe a tsohuwar singileti. Ta kakan mijinta ce. Mijin ya rasu, gwiwoyinta sun gaza, tana so ta koma kusa da 'yarta, kuma a duk gidan wannan bindigar ce kaɗai take sa ran za ta ɗauki nauyin ƙaurar. Mista Pruitt ya duba ya tabbatar babu harsashi, ya shigar da lambarta a littafin da doka ta wajabta, ya ce da ni in ɗauki hotuna kafin ya dawo daga duba wani gida a Irving Park.

Na tsaya ina kallon abin nan da mamaki. Ƙarfen ya yi duhu, launinsa kamar na gasasshen goro, katakon mariƙin ya lotsa daidai inda babban yatsa yake zama. Na ji tausayin matar. Na ce a raina, wa zai sayi wannan da dauɗarta? A gidanmu a Zariya, mahaifiyata ba ta taɓa fito da tasa gaban baƙo ba sai ta dirje ta da toka da lemon tsami tana ɗaukar ido. Kaya mara ƙyalli a wurinmu alamar mai shi malalaci ne. Ina da lemon tsami a kwanon abincina, akwai gishiri a kicin ɗin ofis. Na samu tsumma na zauna.

Wuri kamar faɗin babban yatsa na goge a gefen bakin bindigar. Ya fito fari tas, har ina jin daɗin kaina. Sai na ji an tsaya a bayana.

"Sanusi, ajiye tsumman nan," in ji Mista Pruitt da Turanci. Ya cire tabarau. "Me ka yi mata?"

"Gyara ta nake yi, ranka ya daɗe. Don ta yi kuɗi."

Ya ja kujera ya zauna, ya ce in sa safar hannu. Maimakon faɗan da nake jira, karatu ya yi mini, ni kuma na kasa daina tambaya. Ya nuna mini lambar da ke ƙarƙashin bindigar, da irinta a jikin gangar harsashi, da irinta a mariƙi. Duk ɗaya ce, ma'ana ba a taɓa canja mata ko ƙusa ba. Ya ce masu tara irin waɗannan ba harbi suke so ba, yawancinsu ko kunamar ba sa taɓawa. Abin da suke saye shi ne shaidar cewa tun da ta fito daga hannun maƙeri fiye da shekara ɗari, babu wanda ya yi mata gyara. Duhun nan da na kira dauɗa, shi ne shaidar.

Na ce, "To me ya sa kuɗinsu yake ta hawa, ga sababbi sun fi su aiki?"

Ya ce, "Saboda an daina ƙera su, masu so kuma suna ƙaruwa. Kuma kullum ana samun mai kirki irinka ya goge guda ɗaya. Duk wadda aka goge, sauran sun ƙara tsada."

Ƙa'idar gidan ita ce duk abin da ya sami kaya a hannunmu sai an rubuta shi a kundin gwanjo, kowa ya karanta. Gidan ya yafe la'adarsa a kan bindigar. Amma gaya wa mai kaya, Mista Pruitt ya ce wannan aikina ne, kuma baki da baki.

Washegari na tuƙa zuwa McLeansville. Na same ta a baranda tsakanin kwalaye, ta riga ta fara haɗa kaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na gaya mata komai, na nuna mata hoton tabon a waya, na ce kuɗin zai ragu kuma ni ne sila. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ashe haka launinta yake," in ji ta. "Shekara arba'in ina so in goge abin nan, mijina yana hana ni. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, na ɗauka rigimarsa ce." Sannan ta dube ni. "Kai me ya sa ka goge?"

Na ce, "Mama, a garinmu haka ake girmama kayan mutum."

Ta ce, "To na gode da girmamawar. Ta gaba idan an kawo, ka rage ladabi."

Ranar gwanjo mutum uku suka yi ta ja a kan bindigar, biyu a zaure, ɗaya ta waya. Na ga wani mai tara kaya daga Sedgefield, wanda kowa ya san ba ya janyewa, ya karanta layin da na rubuta da hannuna, ya rufe kundin ya naɗe hannu. An sayar da ita da kuɗin da ya fi na motata nesa ba kusa ba, amma ƙasa da abin da Mista Pruitt ya fara ƙiyastawa. Madam Odell ta ƙaura, sai dai ɗaki ɗaya ta kama maimakon biyu, kuma keken ɗinkinta bai samu wuri ba. Ni na yi masa rajista a gwanjon da ya biyo baya.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ɓarawo ba ya yi wa tsohon kaya illar da mai son taimako yake yi masa. Mutanen da suke shigo mana da akwatin takalmi ba su san abin da ke hannunsu ba, mu suka amince wa mu sani. Shi ya sa duk sabon ma'aikaci, satinsa na farko ba na barinsa ya riƙe tsumma. Idan hannunka ya yi maka ƙaiƙayi a kan kayan mutane, ka sa shi a aljihu ka zo ka tambaye ni.