Dabbar da Ɗiyata Ta Bar Mini

Na haura shekara arba'in kafin na iya rubuta sunana. Ajin yaƙi da jahilci na shiga a nan Wara, Asabar da Lahadi, ina zuwa da warin hayaƙin kifi a zanena, malamar tana yi kamar ba ta ji ba. Sana'ata banda ce. In sayi kifi hannun masunta a bakin ruwa, in gyara, in ƙyafe, ranar kasuwa in kai Yelwa. Bayan kifi ina kiwon awaki. Waɗannan biyun na sani, kuma ban taɓa barin wani ya tsaya a kaina yana koya mini su ba.

Ɗiyata ta fari ce ta sa mini wasan a waya, lokacin muna shiri. Ta ce, "Inna, karatun nan naki gudu zai yi in ba kya taɓa shi. Wannan akwai rubutu a ciki, kuma akwai dabbobi, tunda su kika fi so a kan mutane."

Na ce, "Su ba sa mayar mini da magana."

Wasan wata duniya ce ta ƙarya, mai dazuzzuka da duwatsu masu yawo a sama. Mutane daga ko'ina suna shiga da wayoyinsu, kowa da garkensa. Kana zaɓar ɗan dabba, ka ciyar da shi, ka kai shi daji ya yi faɗa da dodanni, ƙarfinsa yana ƙaruwa. In ya kai wani mataki, sai ya rikiɗa ya zama wata babbar halitta.

Ranar da zan zaɓi tawa, sai da na ɓata mata rai. An jero mini 'yan dabbobi a fuskar waya, ita tana nuna mini masu kyau, masu gashi kamar auduga. Ni kuwa kallon kasuwar awaki nake musu. Na ce ta juya mini wannan in ga ƙafafunta na baya. Na ce ina haƙoran waccan. Na tambaya wace ce mace.

"Inna, zane ne fa! Ba a duba musu baki."

"To, da mi ake sanin ta kirki?"

Na ɗauki wata mummuna, kamar kunkuru mai ƙaho, gajera, mai faɗin ƙirji. Ɗiyata ta ce tunda take ba ta ga wanda ya zaɓi wannan da gangan ba. Kafin wata uku kunkuruna ta rikiɗa sau biyu, har baƙi suna tsayawa bakin garkena suna kallo. Ina jiran jiragen masunta su iso, ina kai ta faɗa. Kifi yana kan wuta, ina kai ta faɗa. Rubutun Turancin da ke fitowa ina bin sa da yatsa, baƙi bayan baƙi, wanda ya gagare ni in kai wa malama ranar Asabar.

Dabbar ɗiyata kuwa 'yar mitsitsiya ce, shuɗiya, jikin kyanwa da kunnen zomo, jelarta tana ɗan haske. Tana zama a kafaɗar mutum. Shekara biyu tana hannunta, tana nan yadda aka ba ta ita.

Sai muka ɓata. Ta bar makarantar koyon aikin lafiya a shekara ta biyu, ta dawo gida da jakarta, ta ce ba za ta iya ba, zuciyarta ba ta can. Ni da na zauna a benci da furfura don in koyi abin da aka ba ta tun tana yarinya, ban iya haɗiye wannan ba. Na yi mata faɗa a tsakar gida, gaban maƙwabta. Na ce ita ba ta taɓa fara abu ta gama ba, kuma haka za ta ƙare. Washegari ta hau mota zuwa Minna wurin ƙanwar babanta, ta samu aiki a shagon atamfa. In na kira ba ta ɗauka. Gaisuwarta ta bakin gwaggonta take zuwa.

Abu ɗaya ya rage. A wasan, aboki yana iya biyowa ta garkenka ya ajiye maka damin ciyawa kyauta. Kullum da hantsi in na buɗe waya, sai in tarar da dami ɗaya a bakin garkena, da sunanta a jiki. Babu kalma ko ɗaya. Ni ma sai in je nata in ajiye. Wata biyar wannan ce gaisuwarmu. Da damin nan nake sanin ta tashi lafiya, kuma ba ta yanke ni gaba ɗaya ba.

Rannan sai ga saƙo, na farko tun tafiyarta. Gilashin wayarta ya fashe, za ta kai gyara, zai yi mako biyu. A wasan, dabbar da ta daɗe ba ta ci ba komawa daji take. Ta rubuta: "Na sa ta a garkenki. Abinci kawai za ki dinga ba ta. Kada ki kai ta faɗa."

Na karanta ya fi sau goma. Tana da abokai da yawa a wasan nan, 'yan zamaninta, amma ni ta ba.

Na kai wa maƙwabciyata labari. 'Yar ƙabilar Kambari ce, 'yar coci, bencinmu ɗaya a ajin yaƙi da jahilci, kuma ita ce ta ba ni akuyata ta farko kiwo shekarun baya. A wurinmu in mace ta ba ki dabba kiwo, amana ce da ake auna ki da ita. Ki mayar da ita ta yi ƙiba, da 'ya'ya a bayanta. Wadda ta mayar da akuya yadda ta karɓe ta, har ta mutu ana tuna mata. Ni da tagwaye na mayar da tata.

Ta leƙa wayar, ta ga 'yar shuɗiyar tana lasar ƙafa kusa da ƙatuwar kunkuruna. Ta ce, "Wanga ɗan ɓera ne ake ta rigima a kai?"

"Shekara biyu, ƙawa. Dubi abin da ta yi da shekara biyu."

"To, mi ta ce ki yi mata?"

"Abinci kawai."

"Sai ki ba ta abinci kawai, uwar iyayi."

"In mayar da ita haka? Ni?"

"Ke dai hannunki ƙaiƙayi yake. Ko tukunyar wani kika gani bisa wuta sai kin ƙara gishiri."

Kwana uku na yi ina ba ta abinci kawai. Amma duk sanda na buɗe garken sai in ji raina yana tafasa. Ba dabba nake gani ba, jakar nan nake gani da ta dawo da ita daga makaranta. Na ce a raina, yarinyar nan kasala ce ta hana ta, ko kuma tsoro. Bari ta dawo ta tarar an gama mata abu ɗaya, ta ga yadda gamammen abu yake.

A rana ta huɗu na kai ta daji. Na sa kunkuruna a gaba tana karɓar duka, 'yar shuɗiyar tana baya tana samun rabonta na ƙarfi. Da ta ɗan taso na fara sakinta ita kaɗai. Ashe jarumar dabba ce, sauri kamar walƙiya. Na ƙona kifi rabin tanda a makon nan saboda ita, ban damu ba.

Ba zan ce ban gane ba, don ƙarya ne. Ranar da ta kai matakin rikiɗa ina zaune bakin ruwa, rana tsaka. Wasan ya tsaya ya tambaye ni ko na yarda. Na karanta da kaina, babu wanda ya taya ni, har ina jin daɗin na iya. Na danna. Ya sake tambaya, ya ce in an yi ba a komawa. Wannan ma na karanta, na fahimta sarai. Na sake dannawa.

Haske ya cika wayar. Da ya washe, babu kyanwa babu kunnen zomo. Wata halitta ce tsaye, tsawon doki, ƙirar kura, da ƙaho biyu da jajayen idanu. Shuɗin ma ya koma baƙi-baƙi. Na ce madalla. Wallahi abin da na ce ke nan.

Ranar da ta karɓo wayarta ta kira ni. Wata biyar da rabi ban ji muryarta ba. Ina tsaye gaban tanda, na goge hannu a zane na ɗauka da sauri, bakina har ya buɗe da murna.

Ba ta gaishe ni ba. "Inna, ina dabbata?"

"Ga ta nan a garke. Kin ga yadda ta zama? Ko tawa ba ta kai ta ba."

"Me na rubuta miki?"

"Na gani. Amma shekara biyu, ke ko kunya..."

"Kin karanta ko ba ki karanta ba?"

"Na karanta."

Ina jin ƙarar motocin Minna ta bayanta. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa, gara ma ta yi mini ihu.

"Kin zata ban iya ba ne? Tun watan farko zan iya rikiɗar da ita. Ban so ba. Haka nake sonta. In na taso daga shago ƙafata ta kumbura, in buɗe, ta hau kafaɗata ta zauna. Ita kaɗai ce abin da nake da shi da ba wanda yake tambaya yaushe zai zama wani abu."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an samu sauƙi. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "To, dabbar da ba ta girma, amfanin mi gare ta?"

Ta ce, "Na sani, Inna. Kin taɓa gaya mini." Ta kashe.

Washegari babu dami a bakin garkena. Jibi ma babu. Ba ta ɗauki dabbar ba, ta bar mini ita tsaye tana huci kusa da kunkuruna. Na bi mutanen wasan ina tambaya da guntun Turancina, ko akwai hanyar mayar da ita ƙarama. Wani ya yi mini dariya, wata ta ba ni amsa da hankali: babu. Na nemi irinta a dajin wasan kwana da kwanaki, aka ce tun bara aka daina fitar da irin.

Maƙwabciyata ta same ni zaune da waya a cinya, wuta ta mutu a tanda. Ta ce, "Tashi ki tahi Minna."

"In je in ce mi? Ni na haife ta. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira, sai in je in durƙusa mata a kan zanen waya?"

"Wa ya ce ki durƙusa? Tsaye ma ana ba da haƙuri. Ko shi ma sai an buɗe miki aji?"

Na zage ta, ta rama. Bayan kwana biyu na ɗaure banda a kwali, na hau mota.

Na same ta a shagon, tana auna wa wata mata yadi. Ta rame. Ta gan ni, ta gama da matar tukuna, sannan ta zo ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, ta karɓi kwalin. Kwana ɗaya na yi a gidan gwaggonta. Mun yi maganar ruwa ya ja baya bana, da tsadar itace, da akuyar da ta haihu. Maganar da ta kawo ni kuwa ban taɓo ta ba.

Sai da ta raka ni tasha da safe, na sa ƙafa ɗaya a mota, na juyo. Ban kalli fuskarta ba. Na ce, "Ban kyauta ba."

Ta ce, "A kan dabbar, ko a kan makarantar?"

Na san amsar da za ta gyara komai. Kalma biyu ce: duka biyun. Direba yana ta ƙwala mini kira, mutanen mota suna kallonmu. Amma ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, kuma har gobe ina ganin barin makarantar nan kuskure ne.

Na ce, "A kan dabbar."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "To, Inna. Ko wannan ɗin ban zata zan ji ba." Ta gyara mini bakin mayafi da ya maƙale a ƙofa, ta ce ta goge wasan daga wayarta, in yi abin da na ga dama da dabbar. Ta ce in na isa in kira.

Na isa Wara bayan la'asar, na kira, ta ɗauka. Ta ce sannu da hanya, na ce yauwa. Sai ta ce ga mai saye ya shigo. Tun daga ranar, in na kira sau uku takan ɗauki ɗaya. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ƙara ko kalma a kan abin da na faɗa a tasha ba. Sallah tana matsowa, na tambayi gwaggonta ko za ta zo gida. Gwaggon ta ce ta tambaye ta, yarinyar ta ce tana tunani.