Tarkon da Kawu Mai Aski Ya Ɗana wa Likita

Kawu mai aski bai yarda akwai ɗan Adam mai riƙe sirri ba. Ina zai yarda? Tun yana saurayi mutane ke zazzage masa cikinsu a kan kujera, shi kuwa kafin ya kakkaɓe ƙyalle ya riga ya juye wa na gaba.

Da ƙaninsa ya rasu, wanda suke shagon tare, sai hannun Kawu ya fara rawa. Ya kwashe wa wani direba rabin gira, ya yanki wani a kunne. Bencin jira ya koma wayam. A asibiti aka ce jiki lafiya lau, damuwa ce, a nemi likitan da ake zama a yi magana da shi.

"Magana?" Kawu ya tambayi 'yarsa. "Ya kwasa ya kai wa wa?"

Na farkon da ta kai shi wurinsa ya ce ya rage ɗaukar nauyin marayun ƙaninsa, ya kula da kansa tukuna. Kawu ya ɗauki hularsa. "Wannan daga sama ya faɗo, ba shi da dangi? Ko turo shi aka yi?"

Ta biyu dattijuwa ce. Sai da ta yi masa ta'aziyya, ta tambayi lafiyar yaran ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma bai kwanta masa ba, don da irin wannan lallami shi ma yake tatsar labari. Sai ya ɗana mata tarko. Ya rage murya ya ce, "Likita, shagon zan sayar, amma a asirce."

Ya koma shago ya kasa kunne ko maganar za ta fito. Mai wanki bai ce uffan ba. Tela ma, wanda ko tari aka yi a unguwa sai ya san na wane ne, shiru. Duk wanda ya zauna aski, Kawu ya tsare shi da ido ta madubi: "Maigida, ba ka ji komai a kaina ba?" Har mutane suka fara zargin ko shi ma akwai abin da yake ɓoyewa.

Ranar komawa wurin likita ya zauna yana jujjuya hula.

"Yaya maganar sayar da shago?" in ji ta.

"Ƙarya ce. Gwada ki na yi."

"To, na ci?"

"Da saura."

Ya tashi ya taɓa ƙofa, ya tabbatar a rufe take. Ya dawo ya ɗora hannuwan nan masu rawa a gwiwa.

"Kujerar ƙanina tana nan, Likita. Na kasa fitar da ita. Kullum da safe sai na goge ta kafin tawa."